Wa Ke Zaɓa Wa Ƴaƴanmu Amsar Farko?

Duk malamin da ya ba ɗalibai aikin bincike su yi a gida a ƴan shekarun nan ya san irin abin da ake dawo masa da shi. Ka raba aji rukuni shida, ka ce kowane rukuni ya kawo ekspoze a kan Sarki Tanimun. Ranar gabatarwa sai ka ji rukuni huɗu sun fara da jimla iri ɗaya, sun tsaya a wuri ɗaya, kuskuren da ke cikin rubutun ma iri ɗaya. Ba su kwafi na juna ba. Kowa ya ari wayar yayansa ko ta mahaifinsa, ya rubuta sunan a injin bincike, ya buɗe abin da ya fara fitowa, ya juye shi a kaye. In ka tambayi yaro me ya sa ya ɗauki wannan shafin, amsar ba ta wuce, "Mushe, ai shi ne na farko." A wurinsa maganar ta ƙare. Ya saba ganin cewa wanda ya zo na ɗaya a aji shi ne ya fi kowa ƙoƙari, don haka yana ɗauka an yi wa shafuka jarrabawa ne, wanda ya fi sanin Damagaram ya ɗare sama.

Mu malamai da iyaye mun fi damuwa da abin da yara ke kallo a waya, bidiyon banza da hira da baƙin da ba mu sani ba, kuma damuwar tana kan hanya. Amma idan yaro ya ce karatu zai yi, sai hankalinmu ya kwanta, har mu saya masa forfe da kuɗin cefane. Ba mu cika tambayar wanda ya jera masa amsoshin ba, ko da wane ma'auni aka jera su. Tambayar tana da nauyi a wurinmu fiye da a wurin waɗanda ke da ɗakunan karatu cike da littattafai. A ajina, littafin tarihi ɗaya yakan zagaya tebur biyu kafin a tashi. Yaron da ba shi da littafi a gida, abin da waya ta fara nuna masa shi ne littafinsa.

Ga yadda abin yake aiki, a taƙaice. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa Google a 1998. Dabararsu ta farko mai sauƙi ce, kuma kowane Bahaushe ya san irinta. Baƙo ya sauka a tasha yana neman tela, sai ya tambayi mutane. Telan da aka fi ambata shi zai nufa, musamman in masu ambatar nasa mutanen da ake jin maganarsu ne. Haka suka ɗauki mahaɗin da wani shafi ya saka zuwa wani shafi a matsayin shaida. Shafin da shafuka da yawa suka nuna, ya samu daraja. Wanda manyan shafuka suka nuna, darajarsa ta ninka. Kamfanin yana da manhajoji masu yawo dare da rana suna bin waɗannan mahaɗai, suna kwafo shafuka suna zubawa a wani ƙaton kundi. Idan ka rubuta tambaya, cikin wannan kundin ake dubawa, a auna shafukan da suka dace, a jera maka su. Bayan mahaɗai, ana duba kalmomin da ke cikin shafin, da sabuntarsa, da harshen da ka yi tambaya da shi, da ƙasar da kake, da saurin buɗewarsa a waya, da wasu abubuwa masu yawa. Wannan tsarin awo shi ake kira algoridim. Babu wani malamin tarihi da ke zaune yana karanta shafukan kafin a jera su. Ni dai tiya nake kiransa idan ina yi wa yara bayani.

Sai dai tiyar ba ta zama yadda take. A ce ranar Alhamis ka kai gero Kasuwar Dole, ka tarar cikin dare an sauya girman tiya, ba a gaya wa kowa nawa aka ƙara ko nawa aka rage ba. Geronka yana nan yadda ka sussuke shi, amma abin da za ka koma gida da shi ya sauya. Google yana yin ƙananan gyare-gyare dubbai a shekara, sannan sau da dama a shekara yakan sanar da babban sauyi wanda ke motsa jerin gaba ɗaya. Yakan faɗi ranar da ya fara da ranar da ya gama, amma ba ya bayyana ainihin lissafin. Yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce: ranar da aka san girman tiya daidai, ranar masu algus za su san inda za su zuba tsakuwa.

Tarihin waɗannan sauye-sauye kusan duk tarihin tsere ne tsakanin mai awo da masu algus. A farko mutane sukan cusa kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, da farin rubutu a kan farin bango, mutum ba ya gani amma inji yana ƙirgawa. Wasu suka shiga sayen mahaɗai, wato sayen shaidar zur. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci, saboda an kama shi yana nuna wa inji wani abu daban da abin da yake nuna wa mutane. A watan Fabrairun 2011 aka kawo sauyin da ake kira Panda, don kakkaɓe shafukan da ke zuba rubutu marar ƙwari barkatai saboda talla kawai. Kamfanin ya ce sauyin ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na bincike a Amurka. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, ya nufi masu sayen mahaɗai. A Afrilun 2015 aka fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a wayar hannu. A 2019 aka shigo da BERT, tsarin da ke ƙoƙarin fahimtar jimla gaba ɗayanta maimakon tsintar kalma ɗaiɗai. A Agustan 2022 aka zo da sauyin da aka ce zai ɗaga rubutun da aka yi don amfanin mutane. A Maris ɗin 2024 kuma aka ɗaura yaƙi da masu sa inji ya rubuta musu shafuka dubbai a rana.

Kowane sauyi yana da waɗanda ya ɗaga da waɗanda ya kayar. Mai shafin da ke rayuwa da talla, yawan masu shigowa shi ne cinikinsa, kuma mafi yawan mutane ba sa wuce amsoshin farko, balle su leƙa shafi na biyu. Wanda ya sauko daga na ɗaya zuwa na goma sha biyar kamar wanda aka ɗauke rumfarsa daga bakin ƙofar kasuwa aka kai ta bayan ƴan gawayi ne. Bayan Panda, kamfanin Demand Media mai shafin eHow, wanda ya gina arzikinsa a kan irin wancan rubutu na barkatai, ya ga masu shigowa sun zube, hannun jarinsa ya faɗi. Wannan ana iya cewa ya girbi abin da ya shuka. Amma bayan sauyin Satumbar 2023, ƙananan marubuta da yawa a Turai da Amurka, waɗanda ke rubutu da hannunsu a kan abin da suka sani, sun koka cewa su ma ruwan ya tafi da su, manyan kamfanoni suka hau wurinsu. Saboda irin wannan fargaba sana'a guda ta tsiro, ta masu gyara shafi don ya burge inji. Wasunsu aikin kirki suke yi, su sa shafi ya yi sauri, su tsara kanun rubutu. Wasu kuwa bokaye ne, suna sayar da laƙanin da gobe zai daina ci.

Mu ƴan Damagaram bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba, domin garinmu ya ga abin da sauyin hanya ke yi. A ƙarni na 19 ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan bi ta Gat da Azbin ya sauka nan kafin ya wuce Kano. Unguwar Zango daga saukar fatake ta samo sunanta. Ana fitar da fatu da gashin jimina, da bayi kuma, abin da ba za mu ɓoye wa yara ba. Ana shigo da yadi da takarda da bindigogi. A kan wannan hanya Tanimun, wanda mulkinsa na biyu ya kama daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, har aka riƙa ƙera igwa a garin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a nan a ƙarshen 1852, domin nan ne kayan da aka aiko masa daga arewa za su same shi. Sannan aka wayi gari hanya ta juya. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke yin watanni da su a hamada sai suka koma bin teku da jirgin ƙasa. Faransawa, waɗanda suka ci garin a 1899 a zamanin Amadu Kuran Daga, sun mai da shi hedikwata a 1911, amma a 1926 suka kwashe ta suka kai Yamai.

Majeman Damagaram ba su manta jima ba a 1911, dukawa ba su daina iya ɗinkin fata ba. Shawara aka yanke a wata ƙasa mai nisa, don amfanin wasu, ba tare da an tambayi kowa a Zango ba, masu wucewa suka ragu. Wanda duk cinikinsa ya rataya ga baƙon da hanya ta kawo, shi ya fi shan wuya. Wanda yake da abokan ciniki da suka san ƙofar gidansa, suka san aikin hannunsa, ya ci gaba da ci. Wannan darasi yana nan daram ga duk mai rubutu a intanet yau.

To, ina matsayinmu a wannan jeri? Matsalarmu ta farko suna ce. Garin nan Zinder ne a takardun gwamnati, Damagaram ne a bakinmu. Sarkin da na ambata Tanimoune ne a rubutun Faransanci, Tanimun ko Tanimu a Hausa. Kouran Daga da Kuran Daga mutum ɗaya ne. Mirriah da Miriya, Gouré da Gure, Tanout da Tanut, Magaria da Magariya, kowane gari yana da riga biyu. Mu mun san abu ɗaya ne. Inji kuwa yana koyon cewa kalmomi biyu abu ɗaya suke nufi ne daga yawan rubutun da ya gan su tare a ciki, kuma rubutu a kan waɗannan garuruwa bai yi yawa ba. Yaron da ya rubuta sunan da Faransanci zai faɗa wata duniya, wadda rahotannin ƙungiyoyin agaji da bayanan ƴan yawon buɗe ido suka cika. Wanda ya rubuta da Hausa zai faɗa wata, inda labaran manyan gidajen rediyo da shafukan ƴan'uwanmu na Najeriya suka fi yawa. Kowanne ya ga rabin gari.

Ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya. Mai rubutu da kula zai rubuta ƙasa, mai bincike da gaggawa zai buga kasa, alhali kasa tana iya zama maciji ko gazawa. Ƙafa da kafa, ɓari da bari, duk haka. Mu a Nijar muna rubuta ƴaƴa da ƙugiya, a Najeriya suna rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, mai sauri kuma ya buga yaya, wanda wata kalma ce daban. Harshe ɗaya, kalma ɗaya, kama uku. Duk wannan yana raba ƙarfin ɗan rubutun da muke da shi.

Ta uku ta fi su girma. Inji ba ya jera abin da ba a rubuta ba. Mafi yawan abin da muka sani game da Damagaram yana bakin dattawa, da kirarin maroƙan fada, da takardun ajami a cikin gafaka, da shirye-shiryen rediyo da iska ta tafi da su. Abin da muke rubutawa yanzu ma, galibi a zaurukan WhatsApp muke zubawa, ko mu aika shi da murya, kuma injin bincike ba ya shiga can. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971. Yaro mai waya zai fi saurin cin karo da sakin layi uku da wani ya taƙaito daga wanda ya taƙaito, fiye da littafin kansa. Inda babu masu gasa, duk abin da ya samu shiga shi ke zama na farko. Tun da aka saka Hausa a manhajar fassara ta Google a ƙarshen 2013, abin da ya taimaki mutane da yawa, wasu masu neman kuɗin talla suka samu hanyar juye shafukan Turanci zuwa Hausa ba tare da wani Bahaushe ya duba ba. Irin Hausar nan ce da za ka karanta jimla sau uku ba ka gane wa ya yi wa wani me ba. Yaro ɗan aji shida yana karanta ta, yana ɗauka haka ake rubuta harshensa.

Wani abokin aikina mai koyar da kimiyyar halittu yana da ɗan shafi inda yake saka darussa ga masu shirin jarrabawar BEPC, da Faransanci, sannan ya bi da bayani da Hausa. Kwanakin baya wani matashi ya same shi ya ce in zai biya jika ashirin, zai ɗora shi a sahun farko. Shawarwarinsa huɗu ne. Ya cire duk haruffa masu ƙugiya domin ba wanda ke buga su. Ya riƙa saka sunayen ƴan fim da ƴan ƙwallo a kanun darasi don jan masu wucewa. Ya bari a sayo masa mahaɗai daga wasu shafuka. Ya daina ɓata dare yana rubuta darasi ɗaya, ya sa inji ya fitar masa da goma kullum. Abokin nawa ya kawo maganar ɗakin malamai, aka yi ta muhawara har aka kaɗa ƙararrawa. Wasu suka ce ai rubutun da ba a gani ba daidai yake da wanda ba a yi ba, a bi kasuwa yadda take. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin babu marubucin da ke son yin magana shi kaɗai a ɗaki.

Ni dai ra'ayina, wanda na faɗa a ranar kuma ina kansa, shi ne uku daga cikin shawarwarin nan su ne ainihin abubuwan da sauye-sauyen 2011 da 2012 da 2024 suka zo kashewa. Wanda ya bi su yana iya hawa na wata biyu, sannan ya faɗo faɗuwar da tashi zai yi wuya. Ta farkon kuwa, ta cire ƙugiya, ko da za ta kawo masu karatu dubu, malami ba shi da ikon karɓarta. Da safe ka ja wa yaro jan biro don ya rubuta kasa a wurin ƙasa, da dare ya buɗe shafinka ya tarar kai ma haka ka rubuta? Akwai hanyar da ba ta buƙatar wannan. A rubuta Hausa daidai a jikin darasi. A ambaci suna da kamanninsa biyu sau ɗaya a farko, a ce Tanimun, wanda ake rubutawa Tanimoune, don mai neman kowanne ya iso. A sa kan rubutu ya faɗi abin da ke ciki da kalmomin da yaro zai yi tambaya da su. A rage nauyin hotuna, domin mai karatunmu mega yake ƙirgawa. A rubuta sunan marubuci da aikinsa da ranar rubutu da inda ya samo bayani. Waɗannan ba dabarun yaudarar inji ba ne, ladabi ne ga mai karatu, kuma shawarar da Google da kansa ke bai wa masu shafuka ba ta yi nisa da su ba. Abokin nawa ya riƙe jikarsa ashirin. Abin da ya ƙara shi ne, duk darasin da ya saka sai ya tura mahaɗinsa kai tsaye ga zauren iyaye da na tsofaffin ɗalibansa, ya kuma buga kwafi a takarda ga waɗanda ba su da waya. Waɗannan sun san ƙofar gidansa, ko tiya ta sauya ko ba ta sauya ba.

Yanzu ma wani sauyi ya shigo wanda ya fi na baya duka. Daga watan Mayun 2024 Google ya fara saka amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman jerin, da farko a Amurka, daga baya a ƙasashe sama da 100. Mai tambaya yana samun taƙaitaccen bayani ba tare da ya buɗe ko shafi ɗaya ba. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da nazari a Yulin 2025 wanda ya nuna cewa idan irin wannan taƙaitawa ta bayyana, kusan sau 8 cikin 100 ne kawai mutane ke danna wani mahaɗi na jerin, alhali idan babu ita sukan danna kusan sau 15 cikin 100. Ga mai shafi, ma'anarsa an ɗebi ruwan rijiyarsa an kai wa mai ƙishi bakin hanya, shi ba a ko leƙo shi ba. Ga ɗalibi kuma, abin ya fi haɗari. A da ko ba komai yana ganin sunan shafin da ya kwafa. Yanzu amsa ce guda, a tsare, da murya mai cike da tabbaci, kuma an haɗa ta ne daga abin da aka samu a rubuce. A kan batun da aka yi rubutu dubbai, taƙaitawar tana da inda za ta dogara. A kan sarautun Damagaram ko tarihin Miriya, daga ɗan abin nan da muka ce bai isa ba za ta ɗebo.

Yana da kyau iyaye su san cewa yaro ma bai zaɓi injin da yake tambaya ba, a cikin wayar ya same shi. A Agustan 2024 wani alƙalin kotun tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa wa dokar hana babakere. A shari'ar an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama injin da ke zuwa a kafe cikin wayoyi da manhajojin shiga intanet. Ban kawo wannan don in ce a daina amfani da shi ba. Ni ma ina amfani da shi, yana kuma sauƙaƙa mini shirin darasi. Na kawo shi ne don mu tuna kamfani ne mai neman riba, akasarin kuɗinsa daga talla yake zuwa, kuma wani lokaci abin da ke can sama talla ce da aka biya, da ƴar kalmar Sponsorisé a kanta wadda yaro ba ya lura da ita.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda inda ƙasarmu ta dosa. Kundin da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Kuma a garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, da Hausa, tun 1973. Idan koyarwa da Hausa za ta faɗaɗa, yara za su ƙara yin tambaya da Hausa. Me za su tarar? Doka tana iya ɗaga harshe a takarda, amma ba za ta cika kundin injin bincike da darussa ba. Wannan sai an zauna an rubuta.

Ga abin da nake yi a aji, ko wani zai ga abin ɗauka. Kafin in ba da aikin bincike, nakan ware darasi guda a kan binciken kansa. Mukan ɗauki suna ɗaya mu rubuta shi a allo da kamanninsa duka, rukuni ɗaya ya nema da Faransanci, ɗaya da Hausa mai ƙugiya, ɗaya da marar ƙugiya, sannan mu kwatanta abin da kowa ya samu. Ranar da yaro ya ga da idonsa cewa na farkon abokinsa daban yake da nasa, ranar yake daina cewa "ai shi ne na farko." Nakan nuna musu cewa in suka sa suna tsakanin alamun zance, inji zai nemo shi daidai yadda suka rubuta. Sannan na kafa doka: kowane aiki ya zo da madogara uku, a rubuta wanda ya yi kowace da shekarar da aka yi ta, kuma ɗaya daga ciki dole ta zama littafi ko mutum mai rai. Kaka ce, ko limamin unguwa, ko tsohon ma'aikaci, ko wani daga fada. In abin da dattijo ya faɗa ya saɓa da abin da waya ta faɗa, kada a goge ɗaya, a kawo duka biyun aji mu tattauna. Sau da yawa wannan saɓanin shi ne darasin da ya fi zama a kansu.

Iyaye kuma, ba sai kun iya karatun boko ba kafin ku taimaka. In yaro ya ce ya samo amsa a waya, tambayoyi biyu sun isa: wa ya faɗa, kuma shi a ina ya ji? Tambayoyin da kuke yi ne in an kawo muku labari daga kasuwa. In aikin ya shafi garinku ko sana'arku ko zuriyarku, ku zaunar da shi ku ba shi abin da kuka sani, ku ce ya rubuta har da sunan wanda ya gaya muku. Ku sani kun fi wayar sanin wannan fannin.

Mu malamai kuwa, nauyin da ya rage namu ne. Kowannenmu yana da kaye cike da darussan da ya gyara shekara da shekaru, da misalan da suka dace da yaran nan, da gero da rijiya da kasuwar ƙauye a ciki. In mutum ya yi ritaya, kayen yakan ƙare a akwati, gara ta cinye. Da kowace makaranta za ta fitar da darasi goma a shekara da Hausa mai kyau, a buɗaɗɗen shafi inda inji zai iya gani, da sunan marubuci a kai, mu kuma riƙa saka mahaɗi zuwa aikin juna kamar yadda maƙwabta ke yi wa juna shaida, da cikin ƴan shekaru yaron da ya rubuta sunan garinsa zai tarar da muryar garinsu a cikin amsoshin. Ba mu da iko a kan ranar da za a sake sauya tiya, kuma za a sauya ta. Ikonmu yana kan ingancin hatsin da muka kai, da kuma tarbiyyar yaron da muka aika awo, ya san ana duba tiya kafin a biya.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.